Likkafanin Da Ya Dawo Gida

Tun da na fara ba ku labarin nan ban ɓoye muku komai ba, yau ma ba zan ɓoye ba, ko da za ku ce Furera ta cika zargi. Ku ce ɗin. Duk wadda ta taɓa kwance ƙunshin mamaci da hannunta ita za ta gane ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce autar Inna, gidanmu yana Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Baba ya rasu tun ina goye. Yayyena mata biyu suna gidajen mazajensu, namiji ɗaya tal Inna ta haifa, shi ne Tanko. Shekara biyu da suka wuce ya ɗora wa jakai uku kanwa da jar fata, ya bi ayarin fatake zuwa Lakwaja, can bakin Kwara. Tare suka tafi da amininsa Gazali, wanda tun kafin tafiyar ya kawo gaisuwar neman aurena. Kuma ba tilasta ni aka yi ba, ina son sa, son da har Gwaggo Tanna, ƙanwar Baba, take cewa in an kira sunansa sai na ƙona miya.

Gazali ya dawo. Tanko bai dawo ba.

Ranar da ayarin ya sauka, Gazali ya tsuguna a bakin ɗakin Inna da ƙunshi a gabansa, ya ce zazzaɓin bakin ruwa ya kama Tanko kwana tara, ya cika. Inna ba ta yi kuka ba a lokacin. Tambaya ɗaya ta yi masa.

"Ya cika da kalma a bakinshi?"

"Da ita ya cika, Inna."

"Alhamdulillahi. In dai haka ne ban yi asara ba."

Da wannan maganar Inna ta rayu kwana talatin da tara. Duk wadda ta zo gaisuwa sai ta maimaita mata, ta ce ɗanta ya riga ta gidan gaskiya da shahada a baki, saura ita ta yi ƙoƙari ta iske shi. Ta rame, zanen bunun da take ɗaurawa har yana ninkuwa biyu a ƙugunta, amma tana cin abinci, tana barci. Ƙunshin kuwa ta sa an ɗora shi bisa ragaya, ta ce kada kowa ya taɓa sai jajiberin sadakar arba'in, tunda daga ranar da labari ya iso muka fara ƙirga.

Ni tun ranar farko akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Mutum ya binne amininsa, amma in ka tambaye shi ina kabarin yake, sai ya ce bakin ruwa. Wa ya yi masa wanka? Mutanen zango. Wa ya ja salla? Wani malami. Kowace amsa guntuwa, ba suna, ba unguwa. Madugun ayarin mutumin Mayahi ne, da ya zo gaisuwa ya ce shi ya riga su tasowa da jimawa, daga baya Gazali ya cim masa a hanya shi kaɗai. Kuma duk inda zancen Tanko ya taso, kafin a rufe baki Gazali ya ce, "Abin da anka rubuta ne." Kowa yana faɗin haka a gidan mutuwa, na sani. Amma shi yana faɗa da sauri, kamar mai rufe tukunya kada a ga abin da ke ciki.

Gwaggo Tanna kuwa ba ta ga komai. Ita ce ke kai saƙo tsakanina da Gazali, kuma ita ce ta fi kowa matsa lamba. Ranar jajiberin da hantsi ta shigo da tsarabar da ya aiko, goro fari guda ashirin a cikin ganye, madubi mai bakin tagulla, da murjani zubi biyu. Ta baje su a faifai tana washe baki.

"Ya ce in gaishe ki. Ya ce da an watse sadaka gobe, jibi magabatanshi na tahe a sa rana."

"Gwaggo, ko ƙasar kabari ba ta bushe ba."

"Wane kabari, wanda ke Lakwaja? Ke ɗiyar nan, kin shekara biyu kina jira, sa'anninki duk da goyo. Gidan nan ba namiji. Uwarki na son ta ga kin zauna kahin ita ma ta bi ɗanta. Me zan ce mishi?"

"Ki ce na gode."

"Shi ke nan?"

"Ki ce na gode ƙwarai."

Ta harare ni, ta ɗauki goro biyu ta ƙulle a bakin zane, ta fita tana cewa 'yan matan yanzu sai a bar su.

Bayan fitarta Inna ta ce in sauko da ƙunshin in wanke kayan, don gobe a raba su sadaka. Ita ba za ta iya gani ba, ta ɗauki mazarinta ta koma gidan maƙwabta. Na shimfiɗa tabarma a bayan rumbu, na zauna ni kaɗai. Ƙullin ya yi tauri, sai da na sa haƙori. Taguwarsa ce a sama, mai shuni, wadda na ɗinke wa aljihu da hannuna. Sai wando, sai hula, sai takalman fata da suka cinye ta gefe ɗaya, don Tanko da gefen ƙafa yake taka ƙasa. A nan na yi kukana mai isata. Sai kambunsa na hannu da layu huɗu, an naɗe su a tsumma. Daga can ƙasa kuma na ji wani abu mai kauri, na jawo.

Farin ƙyalle ne, a ninke, ko datti babu.

Ku da ba 'ya'yan fatake ba, bari in gaya muku. A wajenmu duk mai tafiya mai nisa da likkafaninsa yake tafiya, don kada ya mutu a ƙasar da ba ta san shi ba a rasa abin rufa masa asiri. Na Tanko Inna ce ta kaɗa zarensa, damina guda tana kaɗi, ta kai wa masaƙi, ta sa ya ratsa baƙin zare ɗaya a gefe don ta shaida aikinta. Na warware gefen. Ga baƙin zaren nan.

To a cikin me aka binne shi?

Wallahi babu mugun tunanin da bai zo mini ba a zaman nan. Na ce ko a daji Gazali ya bar shi kuraye suka ci. Na ce ko faɗa suka yi kan jakai ya buge shi. Na ce ko sayar da shi ya yi, tunda mun sha jin wanda ya fita da ɗan'uwa ya dawo da dukiya. Na dubi madubin da murjanin da ke cikin faifai, na ji kamar in watsa su bayan danga. Mutumin da nake shirin kwana ɗaki ɗaya da shi har mutuwa, ashe ban san abin da hannunsa ya aikata ba. Na ninke ƙyallen na cusa shi cikin tuluna, na toshe baki da ganye, na saɓa na fita.

Na san inda zan same shi. Da azahar yakan kai jakansa rijiyar yamma da gari, lokacin mata sun watse. Yana nan kuwa, ya tuɓe riga ya rataye a reshen gawo, yana jan guga. Da ya hango ni ya saki murmushi, ya yi sauri ya mayar da rigar.

"Furera, da ranar nan? Kawo in cika miki."

"Cike yake."

Na sauke tulun, na zaro ƙyallen, na ajiye a bakin kwamin da jakai ke sha. Ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa.

"Ina kika samu wanga?"

"Cikin ƙunshin da ka kawo. Ba ka buɗe ba?"

"Amana ce. Yadda anka ba ni ita ƙulle, haka na kawo ta."

"Wa ya ba ka ita ƙulle? Mamacin?"

Igiyar gugan ta sulale daga hannunsa, sai da ya taka ta da ƙafa.

"Gazali, ni ba yarinya ba ce. Ka kashe shi?"

"Subhanallahi. Ni?"

"Ka sayar da shi?"

"Furera, ki ji tsoron Allah."

"Kai za ka ji. Gobe uwata za ta tara jama'a a yi mishi addu'a. Ka faɗa mini inda ka yar da gawar ɗan'uwana, ko in tahi wurin mai gari da ƙyallen nan yanzu."

Sai ya zauna a ƙasa, kan taɓon bakin rijiya, da wankakkiyar rigarsa. Ya ce, "Babu gawa. Tanko na nan da ranshi."

Kun san yadda mutum ke ji in ya tashi tsaye da sauri, duniya ta yi masa duhu? Haka na ji. Na dafa gawon. Farin ciki ya taso mini har wuya, bai kai ga fita ba na ga fuskar Gazali, na san akwai saura.

Ya ce zazzaɓin gaskiya ne. Tanko ya kwanta har an fid da rai, mai masaukinsu ya ce a fitar da shi kada ya mutu masa a gida. Wasu maƙwabta ne suka ɗauke shi, baƙaƙen mutane kamar mu amma Nasara, masu bin Annabi Isa. Ɗaya tsoho ne masassaƙi, ɗaya kuma saurayi mai koya wa yara karatu, dukansu suna jin Hausa. Wata biyu suna jinyarsa, suna ba shi kunu a baki.

"Mutanen kirki ne, ba zan yi musu ƙarya ba," in ji Gazali. "Amma ban taɓa ganin masu gardama irinsu ba. Addini ɗaya, littahi ɗaya, kullum suna bisa magana guda. Tsohon shina cewa tun kahin a halicci duniya Allah Ya zaɓi waɗanda zai tsirar, ba a ƙara ko ɗaya, ba a rage ko ɗaya. Ya ce mutum kamar wanda ya nutse a Kwara ne ya suma, mai jirgi ba ya tambayar shi ko shina so, cafko shi yake yi. Saurayin ya ce a'a, mai jirgi gora yake miƙa wa kowa, wanda ya kama ya hita, wanda ya ƙi shi ya so, kuma wanda ya kama ma shina iya saki. Tsohon ya ce in haka ne mutum ya ceci kanshi ke nan. Saurayin ya ce in ba haka ba ne, da wane laihi za a ƙona wanda ba a cafko ba? Har abinci ya huce suna yi."

"Ni ina ruwana da gardamar Nasara? Ina Tanko?"

"Shina kwance shina jin su, wata biyu. Da ya miƙe na ce mu tahi, ayari ya yi nisa. Ya ce shi ya zauna."

"Ya zauna yin me?"

"Ya bi su, Furera. Ya cire layunshi da hannunshi. Sun kai shi ruwa sun yi mishi wankan shiga addininsu."

Na ce ƙarya ne. Na ce asiri suka yi masa, ko wani abu suka zuba masa a kunu. Tankon da ke tashe ni sallar asuba da ruwan sanyi? Gazali ya ce shi ma haka ya zata, har ya nemo malami ya yi rubutu ya ba shi, Tanko ya karɓa ya yi godiya ya ajiye. Ya ce hankalinsa garau, yana koyon sassaƙa wurin tsohon, har ya yi ƙiba.

"Na roƙe shi har da hawaye. Na ce ka tuna Inna. Ya ce shina tuna ta dare da rana, amma shi ba shi ya zaɓa ba, cafko shi anka yi. Na tahi wurin tsohon na ce ku sake shi. Ya ce ba su ke riƙe da shi ba, wanda Allah Ya kira ba mai maido shi. Saurayin ne ya biyo ni har bakin jirgi, ya ce kada in ji ta tsoho, Tanko da ƙahwarshi ya shigo, ba wanda ya ɗaure shi, kuma kullum da sahe shi ke sake zaɓen zama."

"Kai wa ka gaskata?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsohon. Ko malamanmu ai sun ce alƙalami ya bushe."

A nan raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi masa ba. Na gane abin da ya sa yake saurin cewa an rubuta. In an rubuta, to babu laifinsa da ya hau jirgi ya bar amininsa. In an rubuta, ba sai ya koma ba. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, iyakata abin salla, amma na san malamin da ya ce alƙalami ya bushe shi ne kuma ya ce za a tambayi kowa abin da ya aikata.

"Tanko ne ya ce ka ce ya mutu?"

Ya kau da kai.

"Da kai nike."

"A'a. Cewa ya yi in gaya wa Inna gaskiya, in ce ta yahe mishi, in ce in ta yarda zai zo ya gan ta."

"In ta yarda zai zo. Kai kuma ka zo ka kashe shi a bakin ɗakinta."

"Tun daga Lakwaja nike shirya maganar, wallahi. Da na tsuguna na ga idonta, sai na kasa. Kin ji abin da ta tambaya. Ba ta ce ya sha wuya ba, ba ta ce ina dukiya ba. Kalma ta tambaya. In ce mata me? Mutuwarshi ta ɗauka, ga ta nan tana tahiya da ƙahwarta. Wagga ba za ta ɗauka ba."

"To ƙaryar da ka yi, ita ma cafko ka anka yi, ko kai ka miƙa hannu?"

Jakan sun shanye ruwan kwamin suna tura hanci cikin guga, bai ko kore su ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ban ga mugunta a fuskarsa ba. Da na ga mugunta da abin ya zo mini da sauƙi. Tsoro na gani, da tausayi, irin tausayin da ke yanke wa mutane hukunci ba a tambaye su ba. Na tambayi kaina, in na aure shi, abu nawa zai ɓoye mini don kada in ji zafi? Kuma har yanzu ban gama yarda da shi ba. Wanda ya iya binne mai rai da baki, me zai hana labarin Nasaran ma ya zama wani ƙullin? Abu ɗaya ne ya tsaya masa shaida, ƙyallen nan. Tanko ba wawa ba ne, ya san Inna za ta shaida zarenta. Ko ya san halin amininsa ne ya sa shi a ƙasan kaya, ko kuwa cewa yake ba ya bukatar irin suturarmu kuma, wannan ban sani ba.

"Furera, ki rufa mini asiri," ya ce. "Ki bari a yi sadakar nan. Addu'a ba ta ɓaci. In munka yi aure, da kaka in koma in lallashe shi. In ya dawo, sai mu ce kuskure anka yi."

"In bai dawo ba fa?"

"To ta mutu da kwanciyar rai."

Na ɗauki ƙyallen na mayar cikin tulu. Na ce ya gaya wa magabatansa kada su wahalar da ƙafarsu jibi. Ya kira sunana sau biyu, ban waiwaya ba, ina tafe hawaye na zuba, don har a lokacin ina son sa, kuma na ji haushin kaina da hakan.

Kafin in kai gida na sake shawara ta fi sau goma. In na yi shiru, Inna tana da ɗa a Aljanna. In na yi magana, tana da ɗa a Lakwaja. Wanne ne alheri? Wa ya ba ni ikon karɓe mata abin da take rayuwa da shi? To wa ya ba Gazali ikon hana ta ɗan da ke jiran ta ce ya zo?

Na iske tsakar gida cike da mata, an jiƙa geron gumbar sadaka an tsame, turame uku a jere. Gwaggo Tanna ta ɗaure ƙugu da gyale tana ba da umarni. Inna na zaune bakin ɗaki, da ta gan ni ta miƙe da kanta ta ɗauko taɓarya ta miƙo mini.

"Zo, Auta. Ke za ki fara sa hannu. Ke ya fi so."

Na tsaya da tulu a kafaɗa. Ban karɓa ba.

"Karɓi mana," in ji Gwaggo. "Rana na yi."

"Inna, mu shiga ɗaki."

"Ki fara dakan tukuna."

"Ba zan iya ba, Inna. Ba a yi wa mai rai gumba."

Turamen suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Inna ba ta saki taɓaryar ba, ta dogara da ita, ta matso har ina jin numfashinta. Na ga fuskarta ta buɗe, irin yadda ban gan ta ba tun ranar da ayari ya tashi.

"Shina da rai?"

"Shina da rai, Inna. Lahiya lau."

Ta rufe ido, ta buɗe. Ta kama hannuna ta matse, ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"To me ya hana shi zuwa? Auta, dube ni. Shina salla?"

Mata fiye da goma suna kallon bakina, kuma babu Gazali a wurin da zai amsa a madadina.